Ku Tambayi Injiniya: buhu 600 ɗin nan a bayan wa suka bi?

Jama'a barkanmu da wannan mako. Saƙonni sun taru, kuma abin mamaki kusan rabinsu a kan abu ɗaya ne, wato manhajojin nan da ake auna wahalar aiki da su, na ɗaukar kaya da sunkuyo da maimaita motsi ɗaya har jiki ya fara ƙorafi. Na zaɓo huɗu. Masu tambayar janareta ku yi haƙuri sai wani satin.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, ya aiki ya zahin rana. Ni ma'aikaci ne ga wani kamfanin gyaran shinkahwa nan wajen Argungu, asali sito nike kula da shi amma tun da mai sefti ya aje aiki sai oga ya liƙa mani ya ce ai na iya kwamfuta. To wasu da ke son sayen kayanmu sun ce sai mun kawo rahoton lahiyar aikin leburori, anka sa muna wata manhaja, akwai gurbi biyu cikinta da sunka hana ni kwana, guda kwantiti guda firikwansi. Mu tirela guda buhu 600 muke loda mata masu kilo 50, mutum 8 ke aikin, awa 2 sun gama. Da farko na sa 600 ga duka biyun sai ta hiddo wata lamba ba kai ba gindi komai ja jawur. Sai na raba 600 da mutum 8 na samu 75, na kuma raba da minti 480 na aikin yini, lambar ta sauko oga ya yi murna ya ce a buga a kai masu. Amma raina bai kwanta ba don da idona nike ganin yaran ga suna dahe da ƙugu in an gama. Wane ne daidai cikin biyun? Daga Bashiru, Argungu.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam Bashiru. Babu ko ɗaya. Amma na biyun ya fi haɗari, don na farko kowa ya gani ya san shirme ne, na biyun kuwa shirme ne da ya sha wanka ya sa babbar riga.

Kwantiti adadi ne, firikwansi kuma sau nawa cikin wani lokaci. A yawancin manhajojin da na taɓa, adadi na nufin sau nawa ake yin motsin a zagaye ɗaya na aiki, sau nawa kuma yana nufin zagaye nawa ake yi a minti ko a awa, sai ita manhajar ta ninka wannan da wancan. Ka ga da ka sa 600 a duka biyun ka gaya mata an ɗaga buhu sau 360,000 kenan, ai dole ta yi ja. Kowane kamfani da yadda ya tsara tasa, don haka ka ɗora linzami a kan gurbin ko ka danna 'yar alamar tambayar da ke gefensa ka karanta, shin a minti take so ko a awa, shin a zagaye ko a yini. Wannan karatun na minti biyu ne amma mutane ba sa yi.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙa. Ka ce mutum 8, to ni ban ga wurinku ba amma na tsaya a wuraren lodi da yawa daga Birnin Kebbi har Kamba kuma tsarin kusan ɗaya ne, mutum biyu suna tsaye gindin tari suna kama kunnen buhu suna aza wa mutum a ka, wasu huɗu suna ɗauka da gudu su hau katako su shiga mota, biyu kuma suna ciki suna jerawa. In haka ne a wurinku to ka faɗa min, buhu nawa ne ya bi ta hannun masu azawar nan biyu? Duka 600 ne. Babu buhun da ya isa mota bai bi ta bayansu ba. Masu ɗauka kowa 150. Babu mutum ɗaya a wurin da ya yi 75, lambar nan ta kalkuleta ce kawai, ba ta da ƙugu ba ta da gwiwa.

Haka ma minti 480 ɗin. Kai da bakinka ka ce awa 2 suke gamawa, wato minti 120. Buhu 600 cikin minti 120 buhu 5 ne a minti, kowane daƙiƙa 12 an sunkuya an ɗago. Kai kuma ka rubuta abin da bai kai 0.2 ba, wato kamar mutum ya ɗaga ɗaya ya zauna ya sha shayi minti shida sannan ya ɗaga wani.

Dalilin da ya sa wannan ke sauya sakamako shi ne lissafin da ke cikin yawancin manhajojin ɗaga kaya na hukumar NIOSH ne ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, sun fara fitar da shi 1981 suka sake gyara shi 1991. Yana farawa da kilo 23, ya ce wannan shi ne iyakar abin da yawancin masu lafiya za su ɗaga in komai ya daidaita, kaya dab da jiki, a tsayin santimita 75 daga ƙasa, ba murɗa jiki, akwai mariƙi mai kyau. Daga nan sai a yi ta zaftarewa da abubuwa shida, nisan kaya daga jiki, tsayin da aka ɗauko shi, tazarar da aka ɗaga shi, murɗa ƙugu, yanayin riƙo, da kuma sau nawa. Na ƙarshen nan shi ne mai babbar wuƙa. A lambarka ta 0.2 a aikin yini, teburin lissafin, wato jadawalin lambobinsa, zai bar maka 0.85 na kilo 23, wajen kilo 19 da rabi. A gaskiyar abin, 5 a minti tsawon awa 2, 0.60 zai bari, kilo 13.8. In kuma ranar tirela uku ce a jere aiki ya kai awa 6, sai ya faɗo 0.35, kilo 8 kacal. Buhun bai sauya ba, mutanen ba su sauya ba, agogo ne kawai.

Sai a raba nauyin da mutum ke ɗagawa da wannan iyaka. In an samu fiye da 1 an fara shiga haɗari, in ya wuce 3 abin ya yi muni. Masu azawa su biyu ne a kan buhun kilo 50, mu ƙaddara kowa 25, kodayake lissafin na mutum ɗaya ne mai ɗagawa da hannu biyu kuma a zahiri wanda ya fi tsawo ko ya riga ɗagowa yakan sha fiye da rabi. 25 a raba da 13.8 ya ba ka 1.8. Ranar tirela uku 3.1. Kuma wannan fa ban sa sunkuyo ba, in tari ya zo ƙarshe ana ɗaukowa daga daɓe zuwa kan mutum, buhu ba mariƙi sai kunne, hannu ya miƙa santimita 40, iyakar takan sauko wajen kilo 5, ka ga lambar ta doshi 5.

Ni ma na taɓa cin wannan tuwon, kada ka ga kamar ina maka faɗa. Farkon fara aikina aka tura ni wani sito, na zauna a ofis ƙarƙashin fanka na karɓi littafin mai sito na kwashe lambobi na haɗa rahoto mai kyau har da launi. Da zan fita na tsaya jiran mai mashin sai na ga wani dattijo zaune bakin mota da tulin tsinkaye a gabansa, duk wanda ya shigo da buhu sai ya miƙa masa tsinke ɗaya ya jefa a kwano, da haka ake biyansu. Na ce Baba su wancan biyun fa da ke azawa ina tsinkensu? Ya kalle ni ya yi dariya ya ce yaro ai duk tsinken da ke kwanon nan nasu ne. Na koma na yaga rahoton.

Abin da za ka yi, ka ɗauki waya ka tsaya a wurin lodi ka yi bidiyon minti 15, da izininsu, ka gaya masu ba don a rage masu kuɗi ba ne in ba haka ba za su yi maka aikin nuna wa baƙo. Minti 15 ɗin ba ni na ƙirƙira ba, shi ne ma'aunin da masu lissafin suka bayar. Ka ƙirga na mutum ɗaya kawai. In suna yi suna tsayawa, misali minti 10 suna ɗaga 6 a minti sannan minti 5 ana jiran a gyara mota, to 60 ne cikin minti 15, wato 4. Wannan rabawar ta halatta don hutun na cikin minti 15 ɗin ne. Amma ka kwaso zaman da suka yi da hantsi ana jiran direba ya zo daga Jega ka zuba cikin lissafi, wannan kam a'a. Sannan ka buɗe aiki uku daban a manhajar, azawa, ɗauka, jerawa, kowanne da lambarsa. A na azawa adadi 1 ne, sau nawa kuma 5 a minti.

Oga zai ce to a koma buhun kilo 25 mana. Ka ce masa ya dakata. Tan 30 ɗin nan dai shi ne za a loda, buhu ya zama 1,200, in awa 2 ɗin ce kuma mutum biyun ne ke kamawa tare to 10 a minti kenan, teburin ya sauko 0.26, iyaka kilo 6, kowa na ɗaga 12 da rabi, lambar ta koma 2.1. Ta fi ta da muni. Kuma ni da kai mun san me zai faru, tun da kuɗin buhu ake biya za su riƙa ɗora biyu biyu a ka. Ƙaramin buhu na taimako in an ƙara lokaci ko an ƙara hannu. Abin da ya fi arha shi ne kada a bar tari ya kai ƙasa, a yi dakali ko a jera falet, wato katakon aza kaya, yadda buhu zai riƙa fitowa daga tsayin ƙugu, motar kuma a matso da ita. Karɓa karɓa ma yana da kyau amma mai azawa ya koma ɗauka ba hutu ba ne, hutu a lissafin nan shi ne aiki mara nauyi kamar riƙe kwanon tsinke.

Rahoton da oga ya ce a buga kuwa, kada ka sa hannu a kai. Masu sayen da suka nemi irin wannan takarda sukan turo mai dubawa, kuma minti uku a bakin mota ya ishe shi.

TAMBAYA: Salam Injiniya. Ina kula da 'yan mata masu zuba fiya wata a leda a wata masana'anta nan Gusau, leda ɗaya ƙulli 20. Suna yawan kukan wuyan hannu da kafaɗa. Ƙanena ya sa min manhaja mai RULA, na gwada sa 6 a minti na gwada 30 na gwada har 60 amma maki bai motsa ba ko kaɗan, shin ta lalace ne ko ni ce ban iya ba? Maman Ilham, Gusau.

AMSA: Malama kin iya, ita ma lafiyarta ƙalau, kawai kin kai wa mai gyaran agogo babur ne. RULA wasu masana biyu ne a jami'ar Notingam ta Ingila suka fitar da ita 1993, McAtamney da Corlett, kuma abin da ta fi dubawa shi ne yadda aka karya wuya da kafaɗa da gwiwar hannu, makinta daga 1 zuwa 7. Batun maimaici tambaya ɗaya tak take yi, ya wuce sau 4 a minti ko bai wuce ba? In ya wuce ta ƙara maki 1 shi kenan, da 6 da 60 duk ɗaya ne a wurinta. 'Yar uwarta REBA ta 2000 ita ma haka take a wannan gurbin. Aikin da sauri ne matsalarsa, ki nemi manhajar da ke da OCRA, na wasu Italiyawa biyu Occhipinti da Colombini, ita motsin hannu take ƙirgawa ɗaya ɗaya kuma sau 30 a minti ne mafarin ma'auninta kafin a fara zaftarewa saboda ƙarfi da karkacewar hannu da rashin hutu. Ko kuma ART ta hukumar HSE ta Birtaniya mai kula da lafiyar ma'aikata, ta fi sauƙi kuma takardarta kyauta ce a intanet.

A nan ne gurbin adadi ke da amfani sosai. Zagaye ɗaya shi ne cika leda ɗaya. In yarinya na cika leda cikin daƙiƙa 40, leda ɗaya da rabi kenan a minti, ƙulli 30. Amma kada ki yi saurin rubuta 20 a adadi, ki zauna kusa da ita tukuna ki ga hannunta. Wata biyu biyu take damƙa, to hannun ya je sau 10 ne da nauyin kilo 1, wata ɗaya ɗaya da rabin kilo sau 20. Kuma damƙowa motsi ne, sakawa a leda wani motsin ne, girgiza leda don su zauna, murɗa baki, ƙullewa, duk ana ƙirga su. Hannun dama daban na hagu daban, don sau da yawa hagu riƙe bakin leda kawai yake yi, shi matsalarsa daskarewa wuri ɗaya ce ba maimaici ba. Za ki ga dama ta haura 60 cikin sauƙi.

Ɗaga ledar da ta cika a kai tari kuma kilo 10 ne, wannan ki kai shi lissafin da na yi wa Malam Bashiru a sama, aiki ne na daban. Kafin ki gama duk wannan, ki duba ko a ƙasa suke zaune suna miƙa hannu cikin baho, in haka ne tebur da ya kai tsayin gwiwar hannu da hutun 'yan mintuna kowace awa zai fi kowace manhaja saurin nuna bambanci. Wadda yatsunta ke yin sanyi ko tsikari da dare kuma ta ga likita, wannan ya wuce aikina.

TAMBAYA: Yallaɓai ni ɗalibi ne a poli ta Ƙauran Namoda ina furojet a kan masu ɗaukar siminti, na sa nauyi 50 manhaja ta ce kusan ba matsala, malamina ya ce in sake. Mi na ɓata? Aminu.

AMSA: Ƙanena duba saman gurbin, na rantse za ka ga fam ne ba kilo ba. Manhajojin Amurka da fam da inci suke buɗewa, kilo 23 ɗin nan su 51 suke rubutawa, to 50 ɗinka ya shige ƙasa da iyaka. Buhun siminti kilo 50 fam 110 ne. Ka shiga saiti ka mayar da ita kilo da santimita, ka sake duba tsayi da nisa don su ma ta ɗauke su a inci. Sannan ka lura da waƙafi da ɗigo, na Jamus da Faransa 0,5 suke so, in ka rubuta 0.5 wata ta ƙi karɓa wata ta karanta wani abu daban. Ka gode wa malaminka.

TAMBAYA: Ɗana ne ke rubuta mani wanga saƙo. Ni shekara ta fi talatin ina dako kasuwar Jega, yanzu ni ka shugabantar yaran wajenmu. Ana karanta muna shafinka. Abin da nike son in ji, mi kwamfuta ta sani ga dako? Mu buhun albasa na Aliero da na ɗanyar shinkahwa da ya ninka na siminti mun ɗauka kuma ga mu da rai. In anka bi ta lissahinku ai ba mai ɗaukar komi, to mi za mu ci?

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma, na gode da wannan tambaya kuma rabinta ina bayanka. Kwamfuta ba ta san dakon Jega ba. Su kansu masu lissafin NIOSH sun rubuta inda bai aiki, ba na tafiya da kaya ba ne, ba na tura baro ko kura ba, ba na shebur ba, ba na hannu ɗaya ba, ba na aikin da ya wuce awa 8 ba, kuma sun yi shi ne don wurin da zafi ke tsakanin digiri 19 zuwa 26. Baba ka san Afrilu a Kebbi, 40 ake wucewa, ga wani lokacin da azumi a baki. Ɗauka a ka da gammo kuwa ko cikin mafarkinsu babu. Akwai wasu teburan na Snook da Ciriello na 1991 da suka auna tafiya da kaya da turawa da ja, amma su ma a hannu ne aka auna ba a ka ba. Duk yaron da ya zo maka da laftof ya ce ga makin mai ɗauka a ka daidai wa daida, ka ce ya nuna maka inda aka rubuta.

Sai dai inda zan saɓa maka cikin ladabi, yawancin wuraren nan da lissafin ya gaza, nuna wahalar yake yi ƙasa da yadda take, ba ya ƙara ta. Zafi ƙari ne, katakon hawa mota mai lilo ƙari ne. Kuma maganar ga mu da rai, Baba ku nawa kuka fara tare? Kai ka fi ni sanin waɗanda suka koma sayar da rake ko gadi tun ba su kai arba'in ba saboda baya ya ƙi, su ba sa wurin lodi balle a ƙirga da su. Tun 1967 ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta ba da shawarar kada babban namiji shi kaɗai ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55, kuma masana na yanzu suna ganin wannan ma ya yi yawa.

Ban ce a daina dako ba, ni ma shinkafar da na ci jiya a kan wani ta hau mota. Abin da lambar ke nunawa wanda kai ma ka sani a jikinka shi ne buhu 40 da aka ɗauka daga safe zuwa azahar ba ɗaya yake da 40 ɗin da aka kwashe cikin rabin awa ba don direba na buga hon, alhali kuɗin ɗaya ne. Nan ne shugaba ke da ta cewa, kai za ka iya hana a bar yaro biyu su kaɗai gindin tari daga farko har ƙarshe, kai za ka iya cewa babban buhu mutum uku ko huɗu za su aza, lodin manyan motoci da sanyin safiya ko bayan la'asar, randar ruwa kusa, sabon yaro kuma kada a haɗa shi tsere da tsofaffin hannu a satinsa na farko.

In ɗanka na da waya mai kyamara, ya ɗaukar min minti 15 na masu azawa ranar da kasuwa ta cika, daga gefe yadda zan ga bayansu da inda buhun ke tashi, ya turo ta adireshin mujalla. Zan ƙirga in buga lambar a nan ba tare da sunan kowa ba, kai kuma ka faɗa min ko ta yi daidai da abin da ke cikin kwanon tsinkenku.